Gas ɗin Dutsen Laka: A Auna Ruwa Kafin a Yi Mana Alkawari

Tun da aka fara haƙo mai a Agadem a 2011, matatar SORAZ ta Damagaram kuma ta soma cika mana tukwanen gas, ake tambaya a Maraɗi ko mu ma muna da rabo a ƙarƙashin ƙasa. Tambayar tana da tushe, domin arewacin jihar, wajen Dakoro, yana cikin kwarin Iullemmeden wanda ya miƙe har Tawa da Sakkwato, kuma a irin wannan kwari ake samun dutsen laka mai riƙe gas. Sai dai samun dutsen daban, samun gas ɗin da zai mai da kuɗin haƙa daban.

Masana ba sa cewa uffan sai sun ciro dutsen daga rijiya mai zurfi, sun auna ragowar halittun da suka ruɓe a cikinsa, wanda ake so ya kai kashi 2 cikin 100, sannan sun tabbatar zafin ƙasa ya dafa shi har ya ba da gas. Wanda bai nutse sosai ba ɗanye ne, komai baƙinsa. Mu kuwa a bakin kwarin muke, inda dutsen bai nutse sosai ba: a kudu, wajen Ɗan Isa, tsohon dutsen da kwarin ke zaune a kansa ya fito fili.

Abin da ya sami ƙasar Folan da ke Turai ya isa ishara. A 2011 hukumar ƙididdigar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta mata kubik mita tiriliyan 5.3 na irin wannan gas, amma a 2012 masanan ƙasar suka mai da adadin ƙasa da tiriliyan ɗaya. Da aka haƙa, kamfanin mai na ExxonMobil ya tafi a shekarar, na Chevron ya bi sahu a 2015.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Ba a fito da wannan gas sai an fasa dutsen da ruwa mai ƙarfi haɗe da yashi da sinadarai, kuma rijiya guda kan sha lita miliyan 10 zuwa 20. A kan haka ne mutanen In Salah a Aljeriya suka yi zanga-zanga a 2015. Makiyayin Dakoro da ke jan guga da raƙumi, da mai lambun Jirataua da ke jiran ruwan rani, daga ƙarƙashin ƙasar nan suke sha.

Ba na adawa da bincike, domin na ga yadda itacen girki ke cinye dajin Baban Rafi. Amma kafin a ba kowane kamfani lasisi, a wajabta masa buga sakamakon awon dutse da na ruwa, a kuma miƙa samfurin ga jami'o'inmu, har da ta Dan Dicko Dankoulodo, su sake aunawa da kansu.