Khor Baraka ba rafin banza ba ne

Jiya a wurin mai shayi nan Bor Sudan wani yaro yake min gardama wai Khor Baraka ba kogi bane, tunda kusan wata tara a shekara yashi ne zalla har rakumi na kwanciya a ciki. Nace dan kanina, jeka garin Tokar da ke kudu da nan a watan Agusta ka tsaya a bakinsa ka maimaita.

Ruwan nan ma ba a samanmu yake zuba ba. Daga duwatsun Iritiriya yake tasowa kusa da Asmara, ya bi ta garin Agordat, ya hade da kogin Anseba wajen iyaka sannan ya shigo Sudan, mu nan rana na dukanmu ko digo babu amma can damina ta kankama, kwatsam sai gashi ya iso jawur da laka. Kuma galibi ko Bahar Maliya baya kaiwa, a filin Tokar yake bazuwa ya kwanta. To wannan lakar ita ce arzikin wallahi, kasa ta sha ta koshi, ruwa ya janye a bi da iri, ba inji ba famfo, danshin nan da dan ruwan hunturu na bakin teku su rike dawa da gero da auduga har girbi.

Tun shekarun 1860 zamanin Turkawa Mumtaz Basha, gwamnan garin Sawakin na bakin teku, ya sa aka dukufa noman auduga a wurin, aikin noman auduga na Jazira da ake ta kurari kuwa sai 1925 da aka gama madatsar Sinnar. Ba a banza mayakan Usman Digna, kwamandan Mahdi, suka gwabza a El Teb kusa da Tokar a 1884 ba, Tokar kuwa sai 1891 Ingila da Masar suka karbe ta daga hannunsu.

Ni abinda yafi taba ni kakana ne, Allah ya jikansa. Da kafa ya taso daga kasar Hadejia da niyyar Hajji, guzuri ya kare, a gonakin Tokar yayi tsintar auduga har ya tara kudin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, da ya dawo kuma ya zauna. Kakarmu har ta rasu tana korafin kurar Tokar, wai tuwo ma da yashi ake hadiye shi.

Yau fa? Bishiyar nan mai kaya da ake kira muskit ta cinye gonaki, tushenta na zuke ruwa, ka sare ta sake tohowa, mutane sun koma yin gawayi da ita. Ba mai tuna Baraka sai yayi barna kamar Agustan 2024 da ya afka cikin garin Tokar, nan da nan kowa ya hau Facebook yana tsine masa. Haba jama'a, shi kam lokacinsa baya sabawa, wata tara yake bamu mu gyara shingen kasa mu tumbuke kaya, me muke yi dasu?

Yaron nan dai nace in Allah ya kaimu damina ni zan biya masa kudin mota.