Diyya hakkinsa ce, ba taimako ba ne

Wani labari ya ce wani maigida ya biya kuɗin magani ga leburansa da ya faɗo daga gini a Damagaram. Jama'a, hakkin leburan bai tsaya nan ba. Wajibi ne maigida ya sanar da CNSS, wato asusun kula da jin daɗin ma'aikata na Nijar, cikin awa 48, haɗe da takardar likita mai bayyana raunin. Sannan asusun ya ɗauki magani, ya biya rabin albashin yini na kwana 28, daga kwana na 29 kuma kashi biyu bisa uku. Nakasa mai ɗorewa tana da nata kuɗin. Haɗarin hanyar zuwa aiki ma yana ciki.

Inda ake cutuwa: yawancin leburori ba a yi musu rajista a CNSS ba, kuma ana sasantawa da baki. 'Yan'uwan leburan da ya faɗo su tafi wurin sufeton aiki, wato jami'in gwamnati mai sa ido kan dokokin aiki, da shaidu.