Mai sharhin wasanni ba maroƙi ba ne

Duk wanda ke bin shafukan wasanni na Facebook da zaurukan WhatsApp a nan Damagaram ya san yadda lamarin ya koma: da zarar ɗan kokowarmu ya faɗi, ko ƙungiyarmu ta sha kashi, kafin mutane su watse daga fili an riga an yanke hukunci cewa an saye alƙali, ko kuma ɗan wasan ya sayar da kansa. Da a bakin 'yan kallo maganar ta tsaya da da sauƙi, amma yanzu masu ɗauke da makirfo, waɗanda ke kiran kansu 'yan jarida, su ne ke yaɗa ta ba tare da hujja ko ɗaya ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne amsar da wasu manya a cikin sana'ar ke bayarwa idan aka ce a zaunar da waɗannan matasa a koya musu doka da ladubban aiki. Cewa suke yi ai wasa wasa ne, murya mai daɗi da iya kirari sun wadatar.

Wannan ra'ayi raini ne ga wasanni, kuma ganganci ne da makomar yaran da ake turawa fili. Gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana tara 'yan kokowa 80 daga jahohi takwas, kuma a kwanakinta babu wani shiri da ke tara kunnuwan 'yan Nijar kamarta. Ɗan kokowa ba kansa kaɗai yake wakilta ba, sunan jaha yake ɗauke da shi, shi ya sa har yau ake ambaton Langa-Langa da Balla Haruna a Damagaram kamar 'yan gida. Mai sharhin da ya ce alƙali ya zalunci jaharsa da gangan yana hura wutar da ba shi da ikon kashewa. A N'Zérékoré ta ƙasar Gini, ranar 1 ga Disamba 2024, gardama kan hukuncin alƙalin wasa ce ta rikiɗe ta zama turmutsitsi, hukumomi suka ce mutane 56 sun mutu. Wanda ke magana da dubban mutanen da ransu ya ɓaci ya kamata ya san nauyin kowace kalma kafin ya furta ta.

Ita kuwa doka ba ta ware sashen wasanni ba. Gaskiya ne dokar 'yancin jarida ta 4 ga Yuni 2010 ta cire hukuncin ɗauri kan laifuffukan jarida, kuma da yawa cikin masu aikin a nan suka tsaya, suna ganin sun tsira. Amma dokar laifuffukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022, an sake tsaurara ta a watan Yunin 2024, ta yadda ɓata suna ta hanyar intanet na iya kai mutum gidan kaso na shekara 1 zuwa 3, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Mutum na iya ƙin wannan doka, kuma ƙungiyoyin kare 'yan jarida sun soke ta, amma ƙinta ba ya hana ta aiki. Saurayin da ya rubuta cewa alƙali wane ya karɓi kuɗi, alhali ba shi da shaida sai faɗar 'yan kallo, shi za a kira gaban mai shari'a, ba shugaban da ya ce masa wasa wasa ne ba. Nawa ne cikinsu suka san bambancin suka da ƙazafi, ko suka san cewa wanda aka ambata yana da haƙƙin mayar da martani a kafar da aka ambace shi?

Sai batun kuɗi, wanda kowa ya sani amma ba a son faɗa. Maroƙi da makaɗi a filin kokowa na Langa-Langa suna da sana'a mai asali: suna wasa gwaninsu a bainar jama'a, a yi musu kyauta a bainar jama'a, ba wanda aka yaudara. Ɗan jaridar da shugaban ƙungiya ke ba kuɗin mai da masauki, sannan ya dawo ya gabatar da yabon shugaban a matsayin labari, ya ɗauki aikin maroƙi ya ɓoye shi a rigar jarida, kuma mai sauraro ne aka cuta. Irin wannan ɗan jarida ba zai taɓa tambayar inda kuɗin 'yan wasa ya maƙale ba, ko shekarun gaskiya na yaron da aka sa cikin ƙungiyar matasa, ko dalilin da ya sa ake cusa wa ɗalibai tallar caca a tsakiyar sharhin ƙwallo. Yarjejeniyar Munich ta 1971 kan ladubban aikin jarida ta hana ɗan jarida haɗa aikinsa da na mai talla, kuma ba ta ce ban da masu wasanni ba.

Masu cewa karatun doka zai tsorata matasa ya kashe armashin sharhi ba su cancanci doguwar amsa ba, domin jahilci bai taɓa ba kowa ƙarfin hali ba. Binciken cin hanci a ƙwallon ƙafa da ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya fitar a Ghana a 2018, wanda ya yi awon gaba da shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, Kwesi Nyantakyi, ya yi tasiri ne saboda an tara shaida kafin a buɗe baki. Wanda ya san doka shi ne ke iya tuhumar babba ya kwana lafiya, wanda bai sani ba kuwa ko dai ya yi shiru ko ya yi ƙazafi.

Ba abu ne mai wuya ba. Makarantar koyon aikin jarida ta Yamai da Jami'ar André Salifou da ke nan garin suna da malamai, kotunanmu suna da lauyoyi da alƙalan da za su iya ba da 'yan kwanaki kafin kowace gasar takobi. Gidajen rediyo su riƙa biyan kuɗin tafiyar wakilansu da kansu, hukumomin kokowa da na ƙwallon ƙafa kuma su daina ba da katin shiga fili ga wanda bai zauna wannan karatu ba, ko da mabiyansa a Facebook sun kai dubu nawa.