Kalorin da na ƙona a bayan akori-kura

Teɓa ce ta ja min. Ranar da sikelin asibiti ya nuna kilo 96, likita ya kalli tumbina ya ce, "Alhaji, a nemi keke." Kafin wata ya zagayo na sayi na gwanjo mai giya, da hular kwano, da wani matsattsen wando da uwargida ta rantse ba zan fita da shi da rana ba. Aka saka ni a zauren WhatsApp na 'yan keke, inda duk daren Lahadi kowa ke turo hoton Strava, manhajar waya mai auna tafiyar keke, a ga kilomita nawa ya ci a mako, kalori nawa ya ƙona. Manya suna buga 150, wasu 200. Ni makon da na fi ƙoƙari 38 na yi, har da zuwa sayo burodi.

Sai zuciya ta raya min Wudil. Daga cikin Kano kusan kilomita 40 ne, zuwa da dawowa 80, a fita kunya a rana ɗaya.

Ran Asabar ina idar da sallar asuba na danna manhaja, na miƙi titin Maiduguri. Har Mariri ina ji da kaina, ina ɗaga wa 'yan goro hannu. Daga nan sirdi ya fara nuna min halinsa. Wallahi wanda ya ƙera sirdin keken tsere yana da wata a ƙasa da masu ƙiba. Ga tireloli, kowacce ta gifta sai iskarta ta nemi watsa ni gonar mutane. Awa uku cur na yi kafin na hango gadar Wudil, cinyoyina na rawa kamar mazari.

Na duba waya, wai kalori 1,500 da ɗoriya. Na yi lissafin mai jin yunwa: tunda an ƙona, ai gurbi ya samu. Soyayyen kifi biyu, waina takwas da ƙuli, na kora da fura da nono cikin ƙwarya, na ce a ƙara sukari.

Na miƙe zan juyo, tayar baya ta zauna daram. Mai faci ya jujjuya ta, ya ce, "Yallaɓai, wannan siririn bawul ɗin na Turawa ne, bakin famfona ba ya kama shi." A fuska na nuna takaici, a zuci kuwa hamdala na yi. Wani mai akori-kura da ya ɗebo awaki ya yarda ya sauke ni a Hotoro. Na zauna a baya rungume da keke, wani bunsuru yana tauna igiyar hulata hankalinsa kwance.

Ashe ban kashe manhajar ba.

Da na iso gida waya ta ce kilomita 81, kalori 3,400. Na san gaskiya, awakin ma sun sani, amma Shaiɗan ya ce ai ba ni na rubuta ba. Na tura zaure na ce, "Alhamdulillahi, jiki ya fara sabawa." Na kuma ce wa uwargida tuwon dare malmala uku za a sa min.

Yabo ya yi ta zubowa, "Sai Alhaji!" har sai da wani malamin lissafi a cikinmu ya buɗe taswirar. "Alhaji, barka da hanya. Na ga a dawowa ka taɓa kilomita 94 a awa. 'Yan gasar tseren keke ta Tour de France ma matsakaicin gudunsu 40 ne da 'yan kai. Ko mu haɗa maka kuɗin jirgi zuwa Faransa kafin Yuli?" Wani ya ɗora: "Kuma ka tsaya minti goma a gidan mai. Keken naka fetur yake sha?"

Malamin bai bar ni haka ba. Ya ce kilo ɗaya na kitse kusan kalori 7,700 ne, wato ko da an bar min rabon awakin, rabin kilo ban sauke ba.

Litinin na hau sikelin gida, ya ce 97. Uwargida ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Baban yara, sauka ka cire hular kwanon, ƙila ita ce."