Kimiyyar firamare: a bar yara su gwada da hannunsu

Shiga kusan kowace firamaren gwamnati a Kano ko Katsina ko Gusau lokacin darasin kimiyya, abu ɗaya za ka tarar. Malam ya ba yara baya yana cika allo da rubutu, su kuma suna kwafa. In ya gama sai ya juyo ya karanta, su maimaita da ƙarfi. Ranar jarrabawa a tambaye su abin da iri ke buƙata kafin ya tsiro, su jero ruwa da iska da ɗumi, a ba su maki. Amma ko ƙwayar wake ɗaya ba a taɓa jiƙawa a ajin ba, alhali da yawansu 'ya'yan manoma ne da suka iya shuka tun kafin su iya riƙe fensir.

In ka tambayi dalili, amsar a bakin kowa take: ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, gwamnati ba ta kawo kayan aiki ba. Ni a ganina wannan uzuri ya fi rashin kayan kansa yi mana illa, domin ya sa mun ɗauka kimiyya wata aba ce da ake shigowa da ita cikin kwali daga ƙasar waje. Yaro ɗan aji huɗu ba ya buƙatar madubin ganin ƙwayoyin cuta. Abin da yake buƙata shi ne ya lura, ya yi hasashe, ya gwada, sannan ya faɗi abin da idonsa ya gani ko da ya saɓa wa abin da ya zata.

Ɗauki zoɓo. A jiƙa shi, a tace, a zuba a kofunan roba guda uku. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a matsa masa lemun tsami, jansa zai ƙara haske. Na uku a ɗiga masa ruwan kanwa, nan take zai rikiɗe ya yi duhu, ya koma kore-kore. Daga nan malam ya kame bakinsa, ya ajiye ruwan tsamiya da ruwan toka da ruwan sabulu a kan tebur, ya ce kowane rukuni ya rubuta launin da yake tsammani kafin a zuba. Gardama za ta kaure, kuma gardamar ita ce darasin. A ƙarshe a tsiyaya lemun tsami a kofin kanwar, yara su ga kumfa na tasowa, jan launin na dawowa. Yarinyar da ta saba ganin mahaifiyarta na jefa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami za ta haɗa abin da kanta, ba sai an faɗa mata ba. Duk kayan darasin nan a teburin mai koli da kasuwar unguwa ake samun su.

Akwai wanda ya nuna mana inda irin wannan lura ke kai mutum. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami ne a Jigawa, ya saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da ƙyalle mai danshi. Yayin da ruwan ke bushewa ta jikin babbar tukunyar sai ya tafi da zafi, cikin ƙaramar ya yi sanyi, kayan lambun da kan lalace cikin 'yan kwanaki su yi makonni. Wannan ya sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Dalilin da ke sa ruwan randa sanyi shi ya yi wa aiki. Makarantu nawa ne a Jigawa kanta suka taɓa sa yara su haɗa tukwanen nan a bayan aji, su riƙa duba tumatir kullum suna kwatanta shi da wanda aka bari a fili?

Tunanin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A Kano aka yi taron 1965 da ya haifar da shirin koyar da kimiyya a firamaren ƙasashen Afirka, wanda ginshiƙinsa shi ne yara su yi bincike da abin da ke kewaye da su. Daga baya, a 1977, Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Sai dai waɗannan makarantu zaɓaɓɓu suke ɗauka. Miliyoyin yaran da ba za su taɓa shiga can ba, firamare ce kaɗai damarsu ta koyon yadda ake tantance magana da hujja.

Ba na ɗora wa malamai laifin duka. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma a birane ba abin mamaki ba ne ka ga aji ɗaya da yara sun haura ɗari, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga. Wanda ke fama da wannan taro cikin minti talatin da 'yan kai, ga albashin da ba ya kai ƙarshen wata, dole ya ga kwafar rubutu ta fi masa sauƙi. Kuma shi kansa a kwalejin ilimi da rubutun allo aka koya masa kimiyyar, bai taɓa ganin an gwada ba, sai yake tsoron ya gwada a gaban yara abin ya ƙi. Ga kuma Turanci: yaron da ake tilasta wa ya bayyana abin da ya gani da harshen da bai iya ba, shiru zai yi. A bar shi ya yi bayani da Hausa, sunan abin na Turanci ya biyo baya.

Duk da haka cunkoso bai hana a fita da yara filin makaranta a kafa sanda, su auna inuwarta da safe da tsakar rana da la'asar, yadda malaman zaure suka daɗe suna gane lokacin salla. Bai hana a raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni da gwangwaninsa na wake, ɗaya a rana, ɗaya a cikin kwali mai duhu, ɗaya ba a ba shi ruwa.

Abin da ya fi ƙarfin malami shi ne tsarin da ke kansa. Tun dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, ke karɓar kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, jihohi na ƙara nasu kason, amma hankalin hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, ya fi karkata ga kwangilar gini da fenti. Ya kamata kowace makaranta ta samu ɗan kuɗi a hannun shugabanta duk zangon karatu don sayen batir da waya da ƙwan tocila da kofuna, kwamitin iyaye na sa ido. A haɗa wa kimiyya darasi biyu a jere sau ɗaya a mako. Bitar da ake kiran malamai a yi ta da tukunya da rairayi a gabansu, kowa ya gwada. Jami'in sa ido kuma in ya zo, kada ya tsaya kan littafin shirin darasi da rajista kawai. Ya ja yara uku gefe ya tambaye su me suka gwada a makon nan, kuma me ya fito.