Sai ya fara tsince-tsince a bola kafin mu yarda ba shi da lafiya?

Wani guntun bidiyo ne ya hana ni sukuni tun satin da ya wuce, na san da yawanku kun gan shi ko kun ga irinsa tunda yanzu sun cika TikTok da WhatsApp. Mutum ya zauna gaban kyamara ya gyara zaman hula, ya ce wai babu wani abu ciwon damuwa, rashin sallah ne kawai da rashin azkar, mumini ba ya shiga wannan hali, yaran zamani ne suka kwaso shi a waya. Da a wani wajen na ci karo da shi da na wuce abina kamar yadda na saba. To amma a guruf ɗinmu na dangi aka turo shi, kuma duk wanda ke ciki ya san da wa ake.

Da ɗan yayata ake. Shekararsa 16, yana aji biyar a sakandare, mahaifinsa ya rasu wata bakwai kenan, rasuwar farat ɗaya, ya fita da safe lafiyarsa ƙalau hatsarin mota ya rutsa da shi kafin la'asar. Kwana ukun da aka yi ana zaman makoki ina kallon yaron nan, shi ne shimfiɗa tabarma, shi ne cika butoci, shi ne aike siyo ruwan leda. Duk wanda ya zo sai ya wuce wajen baffanninsa ya ce ya haƙuri, mata su shige ciki wajen uwar. Shi kuwa abin da ya samu daga bakin manya bai wuce "kai ne babba yanzu, ka riƙe ƙannenka, namiji ba ya kuka" ba. Uwarsa ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, addini da al'ada sun ba ta lokaci sun kuma ba ta masu zama da ita. Shi bayan sadakar bakwai aka ce ya ɗauki jaka ya koma makaranta.

Abin da ya biyo baya a hankali ya zo. Ya daina fita ƙwallo. Kwanon abincinsa yana dawowa yadda aka kai shi. Ƙarfe uku na dare Yaya ta leƙa ta same shi zaune a zaure cikin duhu, ba waya a hannunsa ba komai. Ranar da na je gidan na tarar yana huda bel ɗinsa da ƙusa saboda wando ya daina zama a ƙugunsa. Ga faɗa, yaron da ba a jin muryarsa ya koma ƙanwarsa ta taɓa masa littafi ya hau ta da duka. Makaranta suka aiko wai yana barci a aji, lalaci ya sa a gaba. Baffansa ya yanke hukunci cewa iskanci ne da tashen balaga, ya ga babu uba a gidan shi ya sa, in bai shiga taitayinsa ba akwai gidan mari. Sai ga bidiyo ya biyo baya a matsayin hujja.

Gidan mari fa. Kamar ba mu ne muka ga abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, mutum sama da 300 yawancinsu yara da matasa, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Aka yi ta Allah wadai na sati biyu, yanzu ga shi har an dawo ana yi wa maraya barazana da shi.

Matsalarmu ita ce ma'aunin da muke auna lafiyar ƙwaƙwalwa da shi. A wajenmu mataki biyu ne kawai, ko mutum lafiyarsa ƙalau ko kuma hauka tuburan, babu komai a tsakani. In dai bai yage riga ba, bai fara surutai shi kaɗai a titi ba, to ai lafiya lau yake sai dai a ce ya cika zurfin ciki. Shi ya sa in ka ce a kai yaro ya ga likita sai a zabura a ce "so kake a ce ɗanmu asibitin mahaukata na Dawanau aka kai shi?", in mace ce kuma a ce wa zai aure ta. Wato gara a zuba ido yaro ya lalace a ɗaki da a ga ƙafarsa a layin asibiti.

Alhali tambayar yaushe ya kamata a nemi taimako tana da amsa, kuma amsar ba ta da wani wuyar ganewa. Baƙin cikin rashi ba ciwo ba ne, kowa ya yarda. Yaron da ya rasa uba zai yi kuka, zai rasa barci, karatu zai ja baya, wannan duk daidai ne ba mai cewa a kai shi ko'ina. Amma baƙin cikin rashi zuwa yake yana tafiya, yau ya motsa gobe ya lafa, in abokai sun zo za ka ji ya yi dariya ko da daga baya zai koma ya yi jugum, kuma tunaninsa a kan mamacin yake. Ciwon damuwa ba ya lafawa. Komai ya fita daga ran mutum har abin da da yake mutuwar so, ci ya canza, barci ya canza, jiki ba ƙarfi, sannan tunanin ya juyo kansa, ni ba ni da amfani, ni na jawo, ni nauyi ne a gidan nan. Likitoci sati 2 suke ƙirgawa. In yaro ya yi sati 2 a haka kusan kullum kuma kusan duk yini, har ya taɓa karatunsa da zamansa da mutane, lokaci ya yi, ko an yi rasuwa ko ba a yi ba. Wani abin da iyaye ba su sani ba, a wajen matasa sau da yawa ba da kuka yake fitowa ba, da fushi yake fitowa da saurin hasala, wanda mu kuma sunansa a wajenmu rashin kunya, maganinsa dorina.

Shi kansa baƙin cikin yana iya maƙalewa. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin cututtukanta, wato kewar mamaci mai tsanani da ta ƙi sassautawa aƙalla wata 6 har ta hana mutum rayuwa, kuma sun ce sai ta wuce abin da al'ada da addinin mutumin suka saba da shi. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka shekara guda ya sa wa manya, yara da matasa wata 6. Namu yana wata na bakwai.

Akwai kuma inda ba a ƙirga sati ko kwana. Ranar da yaro ya ce gara in bi Baba, ko na gaji da duniyar nan, ko ya fara rabar da kayansa, ko aka ga yanka a hannunsa, ko ya fara cewa yana jin muryoyi, a ranar ake tafiya asibiti ba gobe ba, kar a bar shi shi kaɗai, a kwashe magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai. Kuma a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa. Mutane na tsoron wai tambayar za ta sa masa ra'ayin, an bincika an ga ba haka ba ne, yawanci ma sauƙi yaro ke ji don an samu wanda ya lura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk yara 7 'yan shekara 10 zuwa 19 ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kashe kai na cikin manyan abubuwan da ke ɗauke 'yan shekara 15 zuwa 29 a duniya. Ku ƙirga yaran layinku.

Yanzu mu dawo kan mai hula da ya ce raunin imani ne. Dan Allah wane imani ne ya kai na Annabi Yakubu, wanda ya yi ta baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ai sunanta a tarihi shekarar baƙin ciki. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, kuma shi ne ya ce a nemi magani. Nana A'isha in an yi rasuwa takan sa a dama wa masu makoki talbina, wani irin kunu, don ta sanyaya musu zuciya, wato har abin da za su sa a ciki an kula da shi. Sama da shekara 1000 da suka wuce wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi wanda ya rasu a 934, ya riga ya raba baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke danne mutum daga cikin jiki har sai an haɗa da magani. Lokacin babu TikTok babu Bature a lissafin. Ba wanda ya ce a daina addu'a, yaron nan ma ba ya fashin jam'i, har yanzu a sahun da ubansa ke tsayawa yake tsayawa. Amma in zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗanka addu'a kake yi ka kuma yanki kati, ban taɓa jin wanda ya ce maleriya rashin azkar ce ba. Sai da aka zo kan ƙwaƙwalwa, wadda ita ma tsoka ce a jiki, sannan kowa ya zama mufti. Kuma ka duba muguntar abin, yaro yana ganin kansa ba shi da amfani, kai kuma ka zo ka ƙara masa da cewa Allah ma bai yarda da imaninsa ba.

Su kuma 'yan ɗaya ɓangaren da in budurwa ta ƙi ɗaga waya kwana ɗaya sai su hau intanet su ce sun shiga difireshan, wato ciwon damuwa, ba ni da lokacinsu, su ne ma suke ba irin su Baffa abin faɗa.

Za a ce ina likitocin suke. Gaskiya ne, likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, wasu ma kullum ficewa suke. Sai a farkon 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kafin nan da dokar mahaukata ta 1958 muke aiki, ta zamanin Turawa. Sashe na 231 na Penal Code, dokar hukunta laifuka ta Arewa, kuwa ɗaurin da zai iya kai shekara guda ya tanada wa wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, Ghana ta cire irin wannan tun 2023. To amma ƙarancin likita ba shi ya hana Baffa ba, bai ma nema ba balle ya rasa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, akwai Kware a Sakkwato, akwai Maiduguri, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen, kuma ba dole sai can za a fara ba, likitan babban asibiti ma zai iya dubawa ya ga ko ƙarancin jini ne ko wani ciwon daban sannan ya tura gaba. Ba kowa ake ba ƙwaya ba, da yawa zama ne da magana. Abin da ba a yi shi ne zuwa kemis a ce a ba shi na barci, don in mu ba mu nema masa magani ba shi zai nemo da kansa, kuma mun san irin wanda ake sayarwa a bayan layi, ba mu manta dalilin da ya sa gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba.

Makarantu su samu malami ko ɗaya ne da aka koya wa gane waɗannan alamu, limamai su taɓo maganar a huɗuba, in an je ta'aziyya a nemi yaran gidan a gaishe su su ma. Amma yanke shawarar na manya ne, ɗan shekara 16 ba shi da kuɗin mota ba shi da bakin cewa a kai ni asibiti, da ƙyar ma in ya san sunan abin da ke damunsa.

Ranar Talata na ce wa Yaya zan fita da shi siyo takalmi, a hanya na gaya masa gaskiyar inda za mu, bai ce uffan ba. Likitar ta ce in jira a waje. Sun fi minti arba'in, ya fito ido jajur. Muna cikin adaidaita ya ce "Kawu, ranar nan fa kuɗin makarantata ya fita nema, ni na dame shi da maganar da safe." Wata bakwai yana ɗauke da wannan shi kaɗai. An ce mu koma bayan sati biyu, tare da uwarsa. Baffa bai sani ba tukuna, jiya ma ya sake turo wani bidiyon.