Rabin kashi muke gardama a kai, albasar Kawu na bakin iyaka

Jiya da dare a fadarmu nan Tawa, ba a sauke shayi na biyu ba sai da aka kusa ba hammata iska a kan harajin AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso. Wani ya ce soja sun ƙaro mana kaya, shi ya sa komai ya yi tsada. Wani ya ce duk mai kukan wannan haraji ɗan koren Faransa ne. Ni dai na yi shiru, don a fadarmu ba a barin mutum ya kai aya. Ga nawa nan a rubuce, mai son zagi ya daure ya karanta tukuna.

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana shirin ƙaramar salla, shugabannin Nijar da Mali da Burkina Faso suka sa kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga waje, ban da kayan agaji, don AES ta samu abin tafiyar da ayyukanta. Abin da masu ihu ba sa faɗa shi ne tun da daɗewa muna biyan irin wannan rabin kashi a bakin duwan, wato kwastan, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ke karɓa. Mun fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, sai aka sauya wa kuɗin aljihu. A kayan miliyan guda na sefa, jikka biyar ne, wato sefa 5,000. Jikka biyar! Ni ban ga abin tada jijiyar wuya a nan ba. Wanda ya gina gida dole ya sayi tsintsiyarsa.

An bar jaki ana dukan taiki.

Ɗauki wannan miliyan gudan dai, a ce fanka ce ko wani ƙerarren kaya daga Sin. Jadawalin kuɗin fito da aka fara aiki da shi a Janairun 2015 aji biyar ne: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Magani na ƙasa, abin da ake son kare masana'antun gida daga gare shi na sama, mafi yawan kayan kanti da aka gama ƙerawa suna ajin 20. Jikka 200 ke nan. A ɗora kashi ɗaya na ƙididdiga, da ɗan kason UEMOA, ƙungiyar ƙasashe masu kuɗin sefa, wanda bai cika kashi ɗaya ba, da rabin kashin da muke faɗa a kai. Daga nan sai TVA, harajin da ake ɗorawa kan sayen kaya, ta zo da 19 cikin ɗari, kuma ba a kan miliyan ɗin kaɗai take hawa ba, har da kuɗin fiton da aka ɗora. In ka tattara, wajen jikka 450 ne. Shi kansa miliyan ɗin ba kuɗin da ka miƙa wa Basine ba ne kawai, a cikinsa ake lissafa kuɗin jirgin ruwa da inshora. Mutum nawa ne a kasuwar Tawa za su iya yi maka wannan lissafi? Ni da nake wannan cika baki, sai da na ƙone hannu na koya.

Shekarun baya muka haɗa kuɗi da ƙanena muka yo odar fanka mai aiki da hasken rana. Wani mai fidda kaya daga duwan da aka haɗa mu da shi ya ce mu kawo kuɗi dunƙule, shi ya san hanya. Muka ba shi. Kaya suka fito lafiya, amma takardar da ya miƙo mana da adadin da muka ba shi ko kusa ba su yi kama ba. Na tambaye shi ina sauran, ya yi dariya ya ce, "Malam, aikin nan ba duka ake rubutawa ba." Ban iya ja da shi ba, don ban san ajin kayana ba, ban san a kan wane farashi aka yi lissafi ba, faktir ɗin ma, wato takardar farashin kayan, ban ajiye kwafinta ba. Laifin rabi nawa ne. Daga baya na gane cewa Nijar na cikin ƙungiyar ciniki ta duniya tun 1996, kuma ƙa'idarta ita ce farashin da ka biya da gaske shi ne farkon abin dubawa wajen ƙiyasta kaya. In an yi shakka a nemi hujja, kai kuma ka kawo shaidar tura kuɗi. Amma wanda ya saba sa a rage masa faktir tun daga can, da wane baki zai yi gardama ranar da aka ƙi yarda da ita?

Tsadar da ake gani a kanti kuwa, a tambayi hanya. Tun takunkumin ƙarshen Yulin 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil da ke haɗa mu da Benin. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma hukumominmu suka bar ta Benin a rufe saboda dalilin tsaro. Kayan da da ke sauka Kwatano suka koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su faɗo Tera da rakiyar soja. Kowane dare da kamyo ya kwana yana jiran ayari kuɗi ne, kuma mai sayen sabulu a Tawa shi ke biya.

Amma abin da ya fi hana ni barci ba shigo da kaya ba ne ma. Fita da su ne.

Kawuna ya tsufa a cinikin albasa a Galmi. Bai taɓa shiga aji ba, amma ya san farashin buhu a Kumasi da Abijan kafin rana ta ɗaga. Da na je gaishe shi, na same shi a gindin rumfa yana murza wata ja a hannu yana duba ko ta fara tsiro. Na ce, "Kawu, kun san yanzu Gana da Najeriya hukuncinsu daban ne da na Kodebuwa a wajenmu?" Ya ce, "Ɗana, wanga zance naku na ƴan lakwal ne. Mota ta wuce ko ba ta wuce ba, shi na sani."

To ga zancen ƴan lakwal ɗin. Mun bar CEDEAO, ba mu bar UEMOA ba. Don haka albasar da za ta Abijan ko Lome tana da rubutacciyar yarjejeniya a bayanta, amfanin gona na cikin ƙungiya ba ya biyan kuɗin fito. Gana da Najeriya kuwa ba sa cikin UEMOA, tsarin CEDEAO ne ya haɗa mu da su. Ranar da fitarmu ta tabbata, CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfonmu da kayanmu kamar da, har sai an sake sanarwa. A kan wannan ƴar jimla buhunan Kawu ke tafiya Akara, a kanta shanu da wake ke tsallaka Konni zuwa Illela, a kanta kayan masana'antun Kano da Legas masu takardar shaidar inda aka ƙera su ke da hujjar shigowa. Alfarma ce, kuma mai yin alfarma yana iya tashi da safe ya fasa. Ranar da aka fasa, albasar Galmi a idon doka ta zama ɗaya da ta Holan da ke sauka a jirgin ruwa. Albasa kuma ba siminti ba ce da za ta yi mako a bakin iyaka tana jiran ministoci su gama shan ruwa.

Kada wani ya ce hakan ba za ta faru ba. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 alhali duk muna cikin ƙungiya ɗaya, ƴan Konni ba su manta ba. Mu ma a Oktoban 2024 mun hana fitar da hatsi sai zuwa Mali da Burkina. Na fahimci dalilin, talaka na bukatar hatsi da sauƙi. Sai dai maƙwabci na gani, kuma shi ma yana da ƙofar da zai iya turawa.

An zauna tsakanin AES da CEDEAO a Bamako a watan Mayun 2025, na ji daɗin haka. Ina son duk wanda zai zauna da sunanmu ya shiga da lissafin albasa da dabbobi a aljihu, ya fito da takarda mai sa hannu. Akwai kuma kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda a Yamai aka kaɗa mata ganga a Yulin 2019. Muna cikinta, Gana da Najeriya ma suna ciki. Ban ga dalilin da zai sa mu bar ta a kan takarda ba yanzu da muke neman wata igiyar riƙewa.

Abu na biyu da nake so ƙarami ne, ko sisi ba zai ci wa baitulmali ba. Duk dokar kuɗi da ke fita kowace shekara da duk sanarwar duwan da Faransanci suke zuwa, alhali a 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. A karanta su a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Tamashek. A manna allo a Konni da Gaya mai nuna ajin kayan da aka fi shigowa da su da abin da za a biya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma irin mai fidda kayan nan nawa a tsagar Faransanci yake kwana.

Da zan taso daga Galmi, Kawu ya sa aka ɗaura mini rabin buhu a bayan babur. Ya riƙe hannuna ya ce, "In kun rubuta, ku ce musu damina in ta kusa, ba mu da wurin ajiya." Na ce to, Kawu. Ga shi na faɗa.